Gyaɗar da nake saya, da man da nake sayarwa

Ranar da wata Hajiya mai abincin sayarwa ta dawo mini da jarka biyu na mai, kasa cin tuwon dare na yi. Ba ta ɗaga murya ba. Murfi kawai ta buɗe ta miƙo mini, ta ce, "Malam, shinshina ka ji. Wannan ba irin wanda ka saba ba ni ba ne." Ina kai hanci na ji warin gyaɗar da ta sha laima, kuma na san daga inda ya fito, domin ni da kaina na sayo ta.

Ƙaramin wurin matsar man gyaɗa gare ni a Kano, injin matsa ɗaya, kaskon suya, da yara huɗu masu aiki. A jikin takardar da nake liƙa wa jarkokina an rubuta "man gyaɗa zalla", kuma saboda wannan alkawari nake ɗora farashi sama da na kasuwa. Amma in na shiga kasuwar hatsi ta Dawanau sai in koma wani mutum daban. Dillali na kawo samfur, farashi nake fara tambaya, wanda ya fi sauƙi shi nake ɗauka. Wato a gaban shago inganci nake sayarwa, a bayan gida kuma araha nake bi. An ce araha ba ta ado, ni kuwa har ta so raba ni da kwastoma.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar hatsi ne ya zaunar da ni. Ya ce, "Ɗana, wa kake yi wa man nan? In 'yan sari ne masu ɗauka a ganga, sayi kowace iri, ka yi ta juya kuɗi. In matan gida ne da masu abinci, to tun daga gona cinikinka yake farawa." Na zaɓi na biyun, kuma zaɓin nan ya taɓa komai.

Da farko lokacin saye ya canza. Yanzu da kaka nake tara mafi yawan gyaɗar shekara, wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabuwa ta cika kasuwa. Ina zura hannu har tsakiyar buhu, ba sama kawai ba, in ɗebo in girgiza, in ciji ƙwaya. Busasshiya ƙas take yi a haƙori, fatarta ta sulluɓe. Wadda ta yi taushi, ko ta yi baƙi-baƙi, ko ta motse, ba na ko tayawa. Ba wari kaɗai nake gudu ba. Gyaɗar da ba ta sha shanya ba fumfuna take yi, fumfunar kuma tana haifar da gubar nan da ake kira afulatokzin mai lalata hanta. Tana bin tunkuza da ƙuli-ƙuli, yaranmu kuma su suka fi cin ƙuli-ƙuli. Wannan yana damuna ƙwarai, don ido ba kullum yake ganinta ba.

Akwai manoma kaɗan a Jigawa da muka saba. Wasunsu suna shuka irin SAMNUT 24 da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar, mai saurin nuna. Ina ƙara musu wani abu a kan farashin kasuwa, da sharaɗin su shanya a kan tamfol, kada a ƙasa. A sito kuma buhu ba ya taɓa siminti, sai a kan katako, nesa da bango.

Sai dai tara gyaɗa yana danne jari wata da watanni. Dole na daina ba 'yan sari ganga bashi, duk da cewa a lokacin su ne ke ɗaukar kaso mai tsoka. Wasu sun ji haushi. Amma kuɗin da ke hannunsu shi nake buƙata a Nuwamba, ba zan iya riƙe duka biyun ba.

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya haura, sai tsarin ya nuna amfaninsa ta wata fuskar. Masu saye kaɗan-kaɗan duk mako suna biyan mota da 'yan dako duk mako. Ni lodi uku ko huɗu nake yi a kaka, mota cike. Tunkuza kuwa, masu haɗa abincin kaji biyu ne ke kwashewa, su biya nan take, da kuɗinsu nake sayen dizal idan babu wuta.

Hajiya ta dawo bayan kusan wata biyar, jarka ɗaya ta fara gwadawa. Yanzu yaronta take aikowa duk Litinin. Abin da ke gabana bana shi ne sito, ya yi mana kaɗan, kuma rufin ɓangaren gabas yana yoyo. Ina so a gyara shi kafin sabuwar gyaɗa ta shigo, in Allah ya yarda.