Ƙarin kwano biyu na gero

Yau da hantsi ina tsaye a rumfar mai hatsi, sai rediyonsa ya kawo labarin wata cuta da ke yaɗuwa a ƙasashen waje. Wata dattijuwa da aka riga aka auna wa gero ta dakata, ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga abin da ya rage mata, sannan ta ce, “Ɗan nan, ƙara mini kwano biyu, kada a sake rufe mu ba shiri.” Babu wanda ya yi dariya a wurin, domin kowa ya san abin da take nufi.

Nan take na tuna watan Afrilun 2020, lokacin da aka kafa dokar kulle a Kano saboda annobar korona, azumi kuma ya same mu a cikin gida, babu jam'i, babu tarawi a masallaci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin masu neman na yau da na yau, irin su 'yan dako da masu adaidaita sahu, waɗanda cefanen gidansu ya dogara ga fitar safiya, da kuma yadda ake turereniya a kasuwa duk ranar da aka sassauta dokar, har tazarar da ake wa'azinta ta gagara. Ita wannan baiwar Allah ta samu kuɗin ƙarin kwano biyu. Da tsadar abinci ta yanzu, ina fargabar cewa mafi yawan maƙwabtana ba su da abin da za su ajiye ko na kwana uku idan aka sake cewa kowa ya zauna a gida. Allah Ya kiyaye.