Godiya ga mutanen Tawa bayan zaman faɗakarwa kan kansar ƙoda

Assalamu alaikum. Mu ma'aikatan lafiya da muka shirya zaman 15 ga Fabrairu, ranar yara masu fama da kansa ta duniya, muna godiya ga masu unguwanni, limaman da suka yi mana shela, ungozomomi, da iyayenmu mata da suka jure hazo tun hantsi har azahar. Allah ya saka da alheri. Wanzamai kuwa, taku godiyar daban ce, don sau da yawa ku ake fara kai wa yaro mai kumburin ciki kafin mu.

Kun ce mu rubuta abin da aka faɗa saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Kansar ƙodar yaro daban, ta babba daban. A yara, kusan 9 cikin 10 ita ce ake kira Wilms, sunan likitan Jamus da ya yi bayaninta a 1899. Ta fi kama ƴan ƙasa da shekara 5. Uwa ce kan fara jin ta wajen wanka: ƙullutu mai tauri a gefe guda na ciki, galibi babu zafi, yaro na wasansa. Nan ake kuskure, a ce saifa ce, a yi tsaga ko a dinga matsawa. Don Allah a bari. Ƙullutun na iya fashewa a ciki, cutar ta watsu, magani ya ƙara nauyi. A je a yi ekogarafi (hoton cikin ciki da na'ura) da hoton ƙirji, saboda huhu take fara tsallakawa. Idan ba ta bazu ba, ana yin shimiyo (allurai masu kashe ƙwayoyin kansa) na mako 4 don ta motse, sannan a cire ƙodar, a ci gaba da allurai. Abin da ya fi ci mana rai shi ne iyayen da kan koma gida da zarar ciki ya saɓe. Inda ake kai magani ƙarshe, kamar Turai, yara 9 cikin 10 na rayuwa, kuma ƙoda guda ta ishi mutum.

A manya, mafi yawa daga ƙananan bututun tace fitsari take tashi, kuma shimiyo bai cika yi mata komai ba, tiyata ce kan gaba. Idan ba ta wuce santimita 4 ba, akan yanke ta a bar sauran ƙodar. Taba, ƙiba da hawan jini na ƙara haɗarinta. Akwai wata da ba ta da yawa amma mai saurin gudu, mai kama matasa masu jinin AS, wato waɗanda suka gaji jinin sikila daga ɗaya cikin iyayensu.

Yayyenmu maza, dattijo ya ga jini a fitsari, ko sau ɗaya, ko babu zafi, kada ya ce tsargiya ce ya sayi ƙwaya a kasuwa. A auna fitsarin, a duba ƙodar.

Waɗanda aka ba takardar zuwa Yamai, ku riƙe hotunanku da sakamakon awo duka a jaka guda. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.