Abin da aikin gini ya koya mini game da yashin kogi

Birkila ƙwararre zai damƙi yashi ya murza a tafin hannu, ya ce maka wannan na filasta ne, wancan mai tsakuwa kuma na kankare. Rairayin hamada ba ya kama siminti sosai, don iska ta goge shi ya yi santsi. Shi ya sa kowa ya nufi kogi. A 2022 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duniya na amfani da kusan tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa duk shekara.

Da aka ɗora mini sayen kayan gini a Kano, na riƙa bin direbobin tifa har bakin kogi. A can na gane cewa kogi ma da lissafinsa: abin da ruwan damina ya gangaro da shi, iyakar abin da ya kamata a ɗiba ke nan. To, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yashi mai yawa na kwanciya a bayansu, mu kuwa ɗiba sai ƙaruwa take. Ruwan da ya rasa abin ɗauka sai ya koma cin gaɓa.

Wani dattijo ya nuna mini inda kunyoyin albasarsa suka rufta cikin kogi. Rijiyarsa ta fadama ma sai da ya ƙara mata zurfi, domin idan ƙasan kogi ya yi ƙasa, ruwan ƙarƙashin gona binsa yake. "Ɗana," in ji shi, "su da kuɗin, ni da ramin." Ramukan nan kuwa da damina ruwa ke rufe su, yaro ba ya ganinsu. Gadoji ma ba su tsira ba: a 2001 wata gada ta karye a kogin Douro na Fotugal, mutum 59 suka mutu, kuma haƙar yashi na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi.

Ban yarda da masu cewa a kori 'yan yashi kawai ba. Matashin da ya wuni da shebur abinci yake nema, manyan kuɗin na wajen masu tifa da injin haƙa. A ware wurare, a ɗebi na saman tudun yashi da rani, kada a zarce matakin ruwa, a nisanci gaɓa da gindin gada.

Ni dai yanzu tsakuwar kwari, wato dutsen da aka fasa da inji, nake saye don kankare, duk da kuɗinta ya fi yawa, kuma sai direba ya faɗa mini inda ya yi lodi kafin ya juye.