Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a karatun hutun yara

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Ranar Asabar da ta wuce muka rufe karatun dogon hutu da muka yi wa yaran makaranta na makonni 6 a majami'armu da ke Sabon Tasha. A wurin taron ban faɗi ko rabin abin da ke raina ba, domin da na tashi na ga fuskokin iyaye, sai murya ta ƙi fita. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Godiya ta tabbata ga Allah. Yaran nan daga Ungwan Boro suke zuwa, da Narayi, da Kamazou, da yawansu sai sun tsallaka titin Kachia cikin ruwan Agusta, amma ko ɗaya bai ji ciwo ba. Baba Fasto da dattawan ikilisiya, kun ba mu ɗaki, kun ware mana kuɗin alli da littattafan rubutu daga baiko. Ubangiji ya saka muku.

Malamanmu, a kanku zan daɗe. Yawancinku ɗalibai ne na jami'ar jihar Kaduna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna (Kadpoly), sai 'yan bautar ƙasa biyu, kuma ko sisi ba a biya ku ba. Mun kafa doka tun ranar farko: ƙarfe 7:30 a fara addu'a, kowane yaro ya saka wayarsa a kwando sai an tashi. A rana ta uku wani yaro ɗan JSS 3 ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ku fa taku wayar?" Ajin ya yi tsit. Malamin lissafi bai ce uffan ba, ya zaro tasa ya jefa a kwandon, sauran malamai suka bi shi. Daga ranar ba mu sake jan magana da wani yaro a kan waya ba. Na sha koyar da Galatiyawa 5:22-23 a makarantar Lahadi, inda kamun kai ya zo a ƙarshen abubuwa tara da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a cikin mai bi, amma ban taɓa ganin ayar ta shiga kan yara kamar ranar nan ba.

Babanmu da ya tashi a Wusasa ta Zariya, na gode. Da muka zo Karin Magana 25:28, wadda ta kwatanta marar kamun kai da birnin da ganuwarsa ta rushe, yaran suka yi zuru, don garin Kaduna ba shi da ganuwa, ba su san ta ba. Baba ya ba su labarin ganuwar Zariya da ƙofofinta, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan, yadda a da ake buɗewa da safe a rufe da magariba. Ya ce musu kowane ɗayansu yana da ƙofa uku: ido, kunne da baki. Har yau ina jin ƙananan suna tsokanar juna da "rufe ƙofarka".

Iyayenmu na Zumuntar Mata, kun san yaron da ya zo da yunwa ba ya jin karatu. Kunu da ƙosai ba su yanke ba ko kwana ɗaya, cikin wannan tsadar wake da mai. 'Yan Birged, matasan ikilisiya masu fareti, kun koya wa yara tsayuwa a layi da jin umarni ba tare da bulala ba. 'Yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, kin yi wa manyan yara magana ba ɓoye-ɓoye a kan tiramadol da kodin, wanda gwamnati ta hana haɗa maganin tari da shi tun 2018 amma har yanzu yake cin 'ya'yanmu a lungu.

Akwai haƙurin da ya kamata in bayar a bainar jama'a. A makon farko na mayar da wata yarinya gida saboda makara, ban tambayi dalili ba. Washegari mahaifiyarta ta zo ta gaya mini cewa sai yarinyar ta kai mata kaya kasuwa tun asuba kafin ta taho. Mama, ki yafe mini. Yarinyar nan ta fi mu duka sanin tashi da wuri, kuma ita ce ta zo ta ɗaya a ajinta.

Iyaye, roƙo ɗaya nake da shi. 'Yan SS 3 sun tsaya a gabanku sun yi alkawari ba za su yi satar amsa a WAEC da NECO ba. Don Allah kada mu zama mu ne za mu biya kuɗi a yi musu ita. Za mu ci gaba da su kowace Asabar da safe har zuwa jarrabawa, kuma muna neman mai koyar da kimiyya ko da na awa biyu ne.

Baba maigadi, ban manta da kai ba. Ƙarfe 6:30 kake buɗe ƙofa, ka share ruwan da ya kwanta a bakin aji, ka riƙa tsallakar da ƙananan titi ɗaya bayan ɗaya da lemarka. Ubangiji ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci gidanka.