Mai son motsa jiki da Wii, ya fara duba wutarta

'Yan uwa na Garwa da Marwa masu sayen tsohuwar Wii (na'urar wasan bidiyo da ake jonawa da talabijin) don rage tumbi, ku juya akwatin wutarta ku karanta kafin ku biya kuɗi. Wadda ta fito daga Amurka wuta mai ƙarfin 120 take sha, tamu kuwa 220 ce, ana jonawa sai ƙauri. Ta Faransa za ku nema, faifan wasan motsa jiki na Wii Fit ma ya zama na Turai, don na Amurka ba ya buɗewa a kanta.

Allon Wii Fit da ake takawa batir AA huɗu yake ci, iyakar nauyin da yake ɗauka kilo 150. A ajiye shi a kan siminti ko tayil, domin a kan kafet mai kauri awonsa ƙarya ne. In za a jingine shi na makonni, a cire batiran, zafin nan namu yana sa su yoyo su cinye ƙarfen ciki. Hasken rana ta taga kuma yana rikita rimot, ya kasa gane sandar Wii da ake ɗorawa kan talabijin. A saki labule.

Ga mai farawa, minti 15 sau uku a mako ya wadatar: hawa da sauka a allon, gudu a wuri guda, sai miƙa gaɓoɓi. Wasan tanis na Wii kuwa, a ganina, nishaɗi ne kawai, daga zaune ma ana cin wasan da wuyan hannu, ba ko ɗigon gumi. A watan Afrilu a yi bayan asuba, da ruwan sha kusa. Mai hawan jini ya ji ta bakin likita tukuna.