Maganin da ya yi wa maƙwabci aiki ba lallai ya yi maka ba

Lokacin da aka tabbatar wa mahaifina cewa yana da hawan jini, wani amininsa ya miƙo masa kwalin ƙwayar da shi yake sha, yana mai cewa ita ce ta daidaita shi. Ya yi watanni yana shan ta jininsa bai sauka ba, har sai da wani likita ya zauna da shi, ya tambayi abincinsa da sana'arsa da tarihin ciwon a danginmu, sannan ya sauya masa magani. Tun daga ranar nake bibiyar wannan fanni da ke ƙoƙarin daidaita magani da ƙwayoyin halittar da mutum ya gada da kuma yanayin da yake rayuwa a ciki.

A shekarar 2019 an fitar da sakamakon binciken CREOLE kan magungunan hawan jini, wanda Dakta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashe 6 na Afirka tare da majinyata sama da 700, inda aka gano cewa haɗin magungunan da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jinin baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Haka ma primaquine, maganin zazzaɓin cizon sauro, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, ƙarancin da ya yawaita a tsakaninmu.

Abin da ya fi damuna shi ne, tun da aka kammala karanta taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 2003, galibin binciken da aka gina a kanta an yi shi ne da jinin Turawa, alhali babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin halitta. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka da aka ƙaddamar a 2010 ya rage wannan giɓi, amma da sauran aiki.

Sai dai gwajin ƙwayoyin halitta yana da tsada, muhalli kuwa tambaya kawai yake buƙata. Manomin da ke yini a gona cikin zafin watan Afrilu a Sakkwato, yana azumi kuma yana shan maganin da ke sa yawan fitsari, bai kamata a auna masa magani daidai da ma'aikacin da ke zaune a ofis ba, kuma likita ba zai gane haka ba sai ya samu lokacin sauraronsa.