Ƙwayar da ta ƙi zama a cikin gammo

Ina digiri na biyu malamina ya ba ni aikin da na ɗauka na mako guda ne: in rubuta 'yar manhaja da Python, ta bi sawun ƙwayar diyutiriyom, wato haidurojin mai nauyi, guda ɗaya a cikin tokamak. Tokamak na'ura ce mai siffar gammo da masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙirƙiro a shekarun 1950. Maganaɗisu ne ke riƙe filasma, wato iskar gas mai tsananin zafi da ta rabu zuwa ƙwayoyi masu caji, a cikinta, don babu ƙarfen da zai jure zafin. A ITER, babban tokamak da ake ginawa a kudancin Faransa, digiri miliyan 150 ake nema.

A takarda abin ba wuya. Ƙwaya mai caji tana kewaya layin maganaɗisu kamar zare a jikin mazari. Na lissafa da hannu: a zafin digiri miliyan 100 da 'yan kai, ƙarfin maganaɗisu kuma tesla 5, nisanta da layin kusan milimita 4 ne kawai.

Da na kunna manhajar sai da'irar ta yi ta faɗaɗa har ƙwayar ta bugi bango. Murna ta kama ni, wai na gano inda filasma ke yoyo. Na kai wa malam hoton. Ya dube shi, ya ce, "Kai, waye ya ƙara mata gudu? Maganaɗisu juya ta yake yi, ba ya tura ta." Na duba, ashe ƙarfinta ƙaruwa yake yi a kowane taku na lissafi, saboda tsarin Euler da na ɗauka don sauƙi. Yoyon a kwamfutata yake. Na koma tsarin Boris na 1970, da'irar ta tsaya cik.

Sai wata ta taso. Ƙwayar ta riƙa sulalewa a hankali har ta fice. Wannan karon ba laifin lissafi ba ne. Maganaɗisu ya fi ƙarfi ta gefen ramin gammon, yana raguwa ta waje, kuma wannan bambanci yana sa ƙwayoyi masu cajin tabbatacce su zame ta sama, ilektaron ta ƙasa, ko akasin haka. Maganinsa shi ne a murɗa layukan kamar igiya, abin da wutar da ke gudana a cikin filasmar ke yi. Ni na manta ban saka ta ba.

Da na saka, sai na ga abin da ya hana ni barci daren nan. Cikin ƙwayoyin da na gwada ɗaya bayan ɗaya, wasu ba sa zagaye gammon. Suna nufar inda maganaɗisu ya yi ƙarfi, ya kore su, su juyo, sawunsu ya fito sak ayaba. Haka ma masana ke kiransa. Faɗin ayabar ya ninka da'irar farko sau da yawa, shi ya sa cin karo ɗaya da wata ƙwayar ke jefa ƙwaya nesa, kamar yadda Galeev da Sagdeev suka nuna a 1968.

Na ce, "Malam, ke nan an gama?" Ya yi dariya. A na'urorin gaske zafi yana tserewa fiye da abin da karo da ayaba suka lissafa, saboda ƙananan guguwoyi da ke hautsina filasmar. A 1982, a na'urar ASDEX ta Jamus, aka ga hautsinin bakin filasma ya lafa kwatsam, riƙon zafin ya kusa ninkawa biyu. Ƙwayata guda ɗaya ba ta san da wannan ba, don ba ta da maƙwabta. Aikin mako guda ya ci wata uku, sannan malam ya ce in ƙara ƙwayoyi dubu.